Yadda Nake Haɗa Sauraren Kiɗa da Ƙirƙirarsa a Ajin Sakandare

Idan ka kunna wa ɗalibai arba'in kiɗa na minti goma, ka ce musu "ku saurara da kyau" sannan ka koma ka zauna, ga abin da zai faru. Minti na farko za a yi tsit. A na biyu wani zai fara zane a bangon littafinsa. Kafin a kai tsakiya masu gyangyaɗi sun fi masu ji yawa. In ka kashe ka tambayi me suka ji, amsar ba ta wuce "ya yi daɗi" ko "ni dai bai yi min ba." Kunnen da ba a ba shi aiki ba yawonsa yake tafiya.

Shawarar da nake ba duk malami ko malamar da ta tambaye ni ita ce, kada a ware darasin saurare daban, na ƙirƙira daban. Duk abin da zan kunna a aji, akwai dabara guda ɗaya a cikinsa da nake so yara su gano, su ara, su gwada da hannunsu kafin a kaɗa ƙararrawa. Yaron da ya san nan da minti ashirin shi ma za a ce ya yi irin wannan, kasa kunnensa daban ne.

Ba ni na ƙago hanyar ba. A 1970 wasu malamai biyu a Ingila, John Paynter da Peter Aston, suka fitar da littafi suna cewa kowane ɗalibi, ba sai mai baiwa ba, zai iya tsara kiɗa a aji kamar yadda ake sa shi zane ko insha'i. Maganar ta yi tasiri, har manhajar kiɗa ta ƙasar da ta fara aiki a 1992 ta jera tsara kiɗa kafaɗa da kafaɗa da yin sa da saurarensa. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda ake yi a aji na gaske, mai cunkoso da ƙarancin kayan aiki.

Darasin farko: babu abin da ake kunnawa

Ina farawa da wani atisaye da R. Murray Schafer, mai tsara kiɗa ɗan Kanada, ya yi fice da irinsa tun shekarun 1960. Kowa ya yi shiru na minti biyu, ya rubuta duk sautin da ya shiga kunnensa: fanka, takun wani a baranda, tari, mota daga nesa, numfashin na kusa da shi. Sai mu zuba su a allo mu rarraba. Wanne ne mai ci gaba, wanne ne mai yankewa? Wanne ne siriri, wanne ne kakkaura? Wanne yake maimaita kansa a kan kari?

Amfanin wannan shi ne kalmomi. Daga nan aji yake samun bakin da zai yi maganar sauti da shi har ƙarshen shekara. Kuma a nan za ka kama ruɗani biyu da kusan kowane sabon aji ke da su: suna ɗaukar sauti mai tashi sama a matsayin mai ƙarfi, suna kuma haɗa ƙarfi da sauri. Ka rera musu siririyar murya cikin raɗa, sannan kakkaura da ƙarfi, su ji cewa hawa daban, ƙarfi daban. In ba ka warware wannan da wuri ba, zai biyo ka har jarrabawa.

Gajeren yanki, sau da yawa, tambaya ɗaya

Ƙa'idata ke nan. Yankin da zan kunna ba ya wuce daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya da rabi. Zan kunna shi sau uku ko huɗu, kuma kafin kowane kunnawa zan rubuta tambaya ɗaya tak a allo. Tambayar ta zama mai amsa da kowa zai iya tabbatarwa da kunnensa: kayan kiɗa nawa ka ji? Wanne ya fara shigowa? Sau nawa amshi ya dawo? Tambayar "yaya ka ji a ranka" tana da wurinta, amma ina ajiye ta zuwa ƙarshe, in bi ta da "me ka ji a cikin kiɗan da ya sa haka?"

Bari in ba da misali da abin da nake yawan fara zango da shi, wato Bolero na Maurice Ravel, Bafaranshe, wanda aka fara yi a 1928. Tsawonsa kusan minti goma sha biyar ne. Wata ƙaramar ganga tana maimaita salon bugu ɗaya tun daga farko har kusan ƙarshe ba ta fasa ba, kari biyu ne kawai suke karɓa-karɓa a kanta, sarewa ce ke fara ɗauka sannan sauran kayan busa su bi ɗaya bayan ɗaya, sauti yana ta ƙaruwa har dukan makaɗan su haɗu. Ba na kunna shi duka. Minti na farko nake kunnawa, sannan in tsallaka zuwa kusa da ƙarshe, in tambaya: me ya canja, me bai canja ba? Wannan tambayar ita ce babbar makamina, domin kusan duk kiɗan duniya a kan maimaici da canji aka gina shi, kuma yaro ɗan aji ɗaya zai iya amsa ta.

Da sun gano cewa gangar tana nan yadda take, masu ɗaukar kari da ƙarfin sauti ne suka canja, sai aiki ya koma hannunsu. Rukuni-rukuni, mutum ɗaya ya riƙe gajeren bugu a kan tebur, sauran su shigo ɗaya bayan ɗaya da abin da suke da shi, tafi ne, ƙyasta yatsa ne, kwalba mai tsakuwa ce, a fara kamar raɗa a ƙare da ƙarfi cikin minti ɗaya. Sharaɗi guda: ba a ƙara sauri. A nan ake yin ta. Kusan kowane rukuni da ƙarfi ya ƙaru sai ya ruga a guje. Sai in sake kunna musu ƙarshen kiɗan su ji yadda mai gangar ya daure a kan saurinsa, kuma wannan karon babu mai zane a bangon littafi.

Jiki ma yana taimaka wa kunne. Émile Jaques-Dalcroze, da ya koyar da kiɗa a Janiba ta ƙasar Suwizalan a farkon ƙarni na 20, ya lura ɗalibansa na iya warware kiɗa a takarda amma ba sa jin bugunsa a jikinsu, sai ya riƙa sa su takawa da motsi. 'Yan sakandare akwai jin nauyin juna, ba kowa ne zai tashi ya taka a gaban aji ba. Don haka nake rage abin: buga yatsa a gwiwa a kan bugun, ɗaga hannu duk lokacin da amshi ya dawo, sauke shi in ya wuce. Da ido ɗaya za ka ga wanda yake ji da wanda yake kwaikwayon na gabansa. Wata dabarar ita ce taswirar sauti: su ja layi a takarda, ya hau in kari ya hau, ya sauka in ya sauka, ya yi kauri in kayan kiɗa sun yi yawa. Wannan taswirar za ta yi amfani nan gaba, idan aka zo rubuta nasu.

Game da waƙoƙin da yara suke ji a wayoyinsu: ka bar su su kawo. Ka fara saurare kai kaɗai saboda kalmomin da ba su dace da aji ba, sannan ka yi mata tambayoyin da kake yi wa kowane kiɗa. Daƙiƙa nawa aka yi kafin murya ta shigo? Baiti nawa kafin amshi? Wane kayan kiɗa aka janye dab da amshin don ya shigo da ƙarfi? Kada ka yi wa zaɓinsu dariya ko a fuska. Ranar da ka raina waƙarsu, ranar suka rufe kunne ga taka. Ina cakuɗawa da gangan: yau ƙungiyar makaɗan Turai, gobe mai goge shi kaɗai, jibi abin da wata yarinya ta kawo daga wayarta.

Shinge kafin a sake su

Babu umarnin da ya fi kashe ƙirƙira kamar "ku je ku tsara waƙa." Yaro zai zauna yana kallon farar takarda, ko rukuni ya ɓata lokacin yana gardamar suna. Sai ka kafa musu shinge mai matsi: sauti kaza, bugu kaza, minti kaza. Ga waɗanda nake amfani da su, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi.

Na farko bugu ne zalla. Zana akwati takwas a jere, kowa ya sa ɗigo a wasu ya bar wasu, ɗigo tafi ne, fanko shiru ne. Ya tafa nasa sau huɗu ba kuskure, sannan ya haɗa da na abokinsa su ji yadda suka saƙu. Ga aji mai ƙarfi akwai aikin Steve Reich na 1972 wanda tafi ne kawai na mutum biyu. Reich, Ba'amurke ne da ya je Ghana a 1970 ya koyi kiɗan ganga. Salon nasa gurbi goma sha biyu ne: tafi uku, shiru, biyu, shiru, ɗaya, shiru, biyu, shiru. Ɗaya yana nan a kansa, ɗayan yana gusawa da gurbi guda lokaci-lokaci, har bayan gusawa goma sha biyu su sake haɗewa. Yara su ji shi, su gane dabarar, su yi ta da salon akwati takwas ɗin da suka tsara da kansu. Ba ka buƙatar ko kayan kiɗa ɗaya.

Na biyu shi ne ƙwayar kari. A nan nake kawo farkon simfoni (dogon kiɗa na babbar ƙungiyar makaɗa) ta biyar ta Beethoven, Bajamushe mai tsara kiɗa, wadda aka fara yi a Biyena ta ƙasar Ostiriya a Disamban 1808: sauti huɗu, uku gajeru, na huɗu dogo. In ce su ƙirga sau nawa wannan ƙwayar ta fito a minti na farko. Lissafi yakan ƙwace musu, kuma abin da nake so ke nan, su gane cewa mutumin nan ɗan abu kaɗan ya samu yake ta juya shi. Sai kowane mutum biyu su ƙirƙiri ƙwaya ta sauti huɗu, su juya ta hanya uku daga cikin waɗannan: a ɗaga ta sama, a yi ta daga ƙarshe zuwa farko, a ja ta ta yi tsawo, ko a miƙa wa wani kayan kiɗa. A jera su, an sami ɗan kiɗa na daƙiƙa ashirin mai kai da gindi.

Na uku, tsani mai hawa biyar, wato sautuka biyar a jere daga ƙasa zuwa sama: do, re, mi, so, la. An cire fa da ti, su ne masu matsuwa da maƙwabtansu, don haka da wuya sauti biyu su yi karo mai muni. Ana samun irin wannan tsani a waƙoƙin Sin, da Sikotilan, da sassa da yawa na Afirka. Carl Orff da Gunild Keetman a Jamus sun yi amfani da zailofon, kayan kiɗa mai jerin sandunan katako da ake bugawa, wanda ake iya zare sandunansa, malami ya zare biyun nan ya miƙa wa yaro, duk inda ya buga ba zai kauce sosai ba. In fiyano ko kibod kake da shi, baƙaƙen maɓallan kaɗai suna ba da wannan tsanin. In babu ko ɗaya, murya ta isa. Aikin shi ne jagora da amshi: kai ka rera tambaya ta bugu huɗu wadda ba ta sauka a kan do ba, ɗalibi ya mayar da amsa ta bugu huɗu da ta sauka a kan do. A zagaya aji da sauri, ba a tsayawa gyara kowa. Zagaye na biyu su ne masu tambayar.

Na huɗu shi ne wanda na fi so, kuma shi ne ƙofar shiga waƙa mai kalmomi. A 1995 Diana Deutsch, masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, ta gano cewa idan aka yanki ɗan guntun magana aka yi ta maimaita shi, kunne yakan fara jin sa kamar waƙa. Gwada a aji. Ɗauki muryar ɗalibi yana faɗin jimla ta yau da kullum, gajera, ka maimaita ta sau goma a jere. Wata jimlar ta fi wata karɓar abin, don haka ka ɗauki uku ko huɗu. Za ka ga sun fara gyaɗa kai, wasu har sun fara rerawa. To ga karinsu nan, sai a nemo shi a kan tsani. A harsuna masu karin sauti irin Hausa da Yarbanci da Sinanci, rabin aikin yana cikin kalmomin tun asali, domin kowace gaɓa da hawanta ko saukarta. Shi ya sa nake cewa su fara faɗin layin da baki sau da yawa kafin su rera, kuma in karin da suka ɗora ya murɗe kalma har ta zama baƙuwa a kunne, karin za a gyara. A fara da amshi, layi biyu kacal. Baiti ya biyo baya.

Abin lura a nan: samari da yawa a shekarun sakandare muryarsu tana fashewa, yau tana nan gobe ta zame. Kada ka tilasta wa irin wannan yaro rerawa shi kaɗai. Sauke masa karin ƙasa, ko ka ba shi bugu ya riƙe har muryar ta zauna. Dariya ɗaya ta aji tana iya rufe bakinsa shekara guda.

Hayaniya

Rukuni kada ya wuce mutum biyar, in ya wuce sai ka sami 'yan kallo. Lokaci kada ya wuce minti goma a karo ɗaya. Ku yi yarjejeniyar alamar shiru tun ranar farko, ni hannu nake ɗagawa, kayan kiɗa su sauka ƙasa, kuma ba na magana sai an yi tsit. A tsakiyar lokacin ina tsayar da kowa, rukuni ɗaya ya nuna abin da ya samu ko bai kammala ba. Wannan yana farkar da waɗanda ke hira.

Ka kula da kunnuwan da kake horarwa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 80 na awa 40 a mako ga babba, 75 ga yara, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu. Ganguna biyar a ɗaki mai siminti suna wuce wannan nesa ba kusa ba. Shimfiɗa ƙyalle a kan fatar ganga, tura rukuni ɗaya ko biyu waje in hali ya yi, kuma ka faɗa musu wannan lissafin saboda abin da suke toshe kunne da shi a hanyar gida.

Rubutu da na'ura

An ce gani ya kori ji, amma a wannan fanni ji ne gaba. Ba na fara koyar da rubutun kiɗa mai layi biyar sai yaro yana da abin da yake tsoron mantawa. Da farko taswirar sauti da akwatunan bugu sun wadatar, sai do-re-mi, sannan layukan. Gwajin kowane rubutu ɗaya ne: a miƙa wa wani rukuni, in sun iya fitar da abin da ake nufi, rubutun ya yi.

Abin da ba na sakaci da shi shi ne ɗaukar sauti. Waya ɗaya ta isa. Kowane aiki a ɗauke shi, a kunna wa aji, a yi masa tambayoyin da aka yi wa Ravel: me ya canja, me bai canja ba, wa ya fara shigowa? Yaro yakan ji a rikodin abin da bai ji ba lokacin da hannunsa ke aiki, kuma sau da yawa shi zai riga ka faɗin inda ya kauce.

In makaranta tana da kwamfuta, Audacity kyauta ce don ɗauka da yanka sauti, MuseScore ma kyauta ce don rubutun kiɗa, kuma tana kunna maka abin da ka rubuta. BandLab yana aiki a waya. Sai dai irin waɗannan dandali cike suke da shiryayyun guntayen kiɗa, yaro zai jera huɗu cikin minti biyar ya fito da abu mai ƙyalli wanda ba shi da hannu a ciki. Yanzu ma ga manhajojin da ke haɗa waƙa sukutum daga jimla ɗaya. Dokata ita ce kari da aƙalla bugu ɗaya su fito daga bakinsa ko hannunsa, kuma in ga rikodin farko da na tsakiya, ba na ƙarshe kaɗai ba.

Maki

Ba a ba da maki a kan ko kiɗan ya burge malam. Abin da nake dubawa huɗu ne, kuma ina rubuta su a allo kafin a fara: an tsaya cikin shingen da aka kafa? Akwai abin da ya maimaitu da abin da ya canja? An shirya farko da ƙarshe, ko dai kiɗan ya mutu ne kawai aka fashe da dariya? Za su iya faɗin dalilin zaɓi ɗaya da suka yi? Na ukun nan sai an koyar da shi musamman, domin ayyukan yara ba sa ƙarewa, tsayawa suke yi. Nuna musu hanya uku: a yi ta raguwa har a ɓace, a tsaya tare a bugu ɗaya, ko a koma kan abin da aka fara da shi.

In 'yan aji za su yi sharhi a kan aikin juna, na hana "ya yi daɗi" da "bai yi ba." Kowa ya fara da "na ji", ya faɗi abin da ya ji, sannan ya kawo shawara ɗaya da za a iya gwadawa nan take. A gwada ta a gabansu, rukunin ya zaɓa ko zai karɓa.

Matsalar aikin rukuni ita ce mai ƙoƙari ɗaya yakan ɗauki mutum huɗu a kafaɗa. Don haka makin rukuni rabi ne a wurina. Sauran rabin yana fitowa daga ɗan gajeren aiki na kowa shi kaɗai a ƙarshen zango: in rera ko in tafa masa tambaya ta bugu takwas ya mayar da amsarsa, sannan in kunna masa yankin da bai taɓa ji ba na daƙiƙa arba'in, sau uku, ya rubuta abu biyu da suka maimaitu da abu biyu da suka canja. Sashen saurare kowa yana yin sa lokaci ɗaya a takarda, na amsa kuwa ina kiran su ɗaya-ɗaya yayin da sauran ke gyara rikodinsu, kuma darasi biyu sukan ishi aji mai mutum arba'in.